Ɓeran Ɗakin Bincike, Da Maganin Da Ake Samowa Ta Kansa

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda zazzaɓi ya taɓa kai shi ɗakin shan magani a Gwammaja, ko Ƙofar Ruwa, ko wata unguwa ta cikin birnin Kano, ya san ɗan farin allon robar nan da ake ɗiga wa jinin yatsa, a dakata kamar minti 15 zuwa 20, sa'an nan a duba ko layi ɗaya ne ya fito ko biyu. Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa yin gwaji kafin a ba mutum maganin zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa wannan ɗan allo ya zama ruwan dare. Abin da akasarinmu ba su sani ba shi ne, sinadarin da ke fito da layin nan na biyu asalinsa daga saifar ɓera aka samo shi. Haka kuma waɗansu magunguna masu tsada na ciwon daji da na amosanin gaɓoɓi, ba a san za su yi aiki ba sai da aka fara jarraba irinsu a jikin ɓeraye.

Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani a zaure, da jin haka sai gabansa ya faɗi, domin ya san hukuncin man shanun da ɓera ya mutu a ciki, ya kuma san ɓera na cikin dabbobin nan biyar da aka yarje ko mai harama ya kashe su. To, ina haɗin wannan dabba da magani? Malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an san yadda yake. Saboda haka bari mu fara da bayanin aikin kansa.

Allah Maɗaukakin Sarki Ya halicci fararen ƙwayoyi cikin jinin ɗan Adam da na dabba, su ne dakarun da ke tsaron jiki. Waɗansu daga cikinsu, da masana suka laƙaba wa harafin B, maƙera ne. In cuta ta shiga jiki sai su ƙera wani sinadari da ake kira antibodi, wanda ke maƙale wa cutar kamar yadda makulli ke shiga kwaɗon da aka yanka shi dominsa, ba ya shiga wani. Waɗansu kuwa, masu harafin T, su ne mayaƙa da masu ba da umurni. Mayaƙin nan ba ya zabura don kawai ya hangi baƙo. Sai ya ga alamar abokin gaba, sa'an nan kuma ya sami izini na biyu ta wata kafa da ke jikinsa mai suna CD28, kamar dogarin da ya ga ɓarawo amma yana jiran maganar Sarki. Wannan zabura ita ce masana ke bincike a kanta: me ke tayar da mayaƙin, me ke zaunar da shi, me ya sa wani lokaci ya yi barci ciwon daji na cin jiki, wani lokaci kuma ya haukace ya far wa gaɓoɓin mai shi.

Matsalar ita ce, a bayan kowace ƙwaya akwai irin waɗannan kafofi masu ɗimbin yawa, kuma ido ba ya ganinsu. Yaya za a san aikin kowace? A ɗauka wani baƙo ne ya zo Kano a zamanin da ganuwa ke tsaye, yana so ya san abin da ke shigowa ta kowace ƙofa, alhali an hana shi leƙa kayan fatake. Dabararsa ita ce ya roƙa a rufe Ƙofar Ruwa kwana bakwai, sauran ƙofofi a bar su buɗe, shi kuwa ya je kasuwar Kurmi ya zauna ya ga abin da ya yanke. In an buɗe ta sai a rufe Ƙofar Mazugal, ya sake dubawa. Da haka zai san amfanin kowace ƙofa ba tare da ya kwance ko mangala ɗaya ba. Haka masu binciken nan suke yi. Abin da suke bukata kawai shi ne ƙyauren da zai toshe kafa ɗaya tak, ya ƙyale sauran.

Ƙyauren ya samu a shekarar 1975 a birnin Kambirij na Ingila, a hannun César Milstein, mutumin Ajantina, da Georges Köhler, Bajamushe. Sun yi wa ɓera allurar jajayen ƙwayoyin jinin tunkiya, jikinsa ya ƙera makaman yaƙarsu, sa'an nan suka ciro maƙeran daga saifarsa. Maƙeran nan ba su daɗewa a waje sai su mutu, don haka suka haɗe su da ƙwayoyin wani ciwon daji na ɓera waɗanda ba su daina hayayyafa. Abin da aka haifa ya gaji sana'ar ƙira daga ɗaya, ya gaji tsawon rai daga ɗayan. In aka ware ƙwaya guda aka rene ta a cikin kwalba, zuriyarta duka makulli iri ɗaya za su yi ta ƙerawa. Shi ne ake kira antibodi mai tsatso ɗaya. An ba su kyautar Nobel a 1984 saboda wannan aiki. Da shi ake kama alamar zazzaɓi a allon robar da muka ambata, da shi kuma ake toshe kafa a jikin ƙwaya.

Ga yadda ake gwajin. Ana kawo ɓeraye 'yan gida ɗaya, waɗanda aka yi ta haɗa wa da ƙanwa har zuriya 20 ko fiye, har suka zama kamar tagwaye, don kada a ce bambancin da aka gani na gado ne. Ba irin ɓeran rumbu ba ne, balle na daji mai yaɗa zazzaɓin Lassa. A keji mai tsabta aka haife su, ba su taɓa ganin kwata ba. Sai a raba su kashi biyu, a sa musu cuta iri ɗaya. Kashi na farko a yi musu allurar antibodi mai toshewa, na biyu a yi musu allurar wani mai kama da shi wanda ba ya toshe kome. Wani abin lura kuma, jikin ɓera ba ya son ƙera makamin da zai kama naman ɓera, saboda haka galibi daga jikin ɗan'uwansa ake samo shi, ko dai babban ɓeran nan mai kama da gafiya, ko wata 'yar dabba da ake kira hamsta.

Mashahurin misali shi ne na James Allison na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili a Amurka. Akwai wata kafa mai suna CTLA-4 a jikin mayaƙan T wadda masana suka yi saɓani a kanta, waɗansu na cewa totur ce, shi da waɗansu na cewa birki ce. A ƙarshen shekarar 1994 shi da abokan aikinsa suka dasa wa ɓeraye ciwon daji, suka toshe wannan kafa a jikin waɗansu. Waɗanda ba a toshe wa ba, ƙarin ya ci gaba da girma. Waɗanda aka toshe wa kuwa, mayaƙansu suka zabura suka cinye ƙarin, har ma da aka sake dasa musu shi daga baya jikinsu ya ƙi karɓa. Aka buga sakamakon a 1996. A 2011 aka yarda da maganin farko irin wannan ga mutane, mai suna ipilimumab, don wani mugun ciwon daji na fata. Tasuku Honjo na Jami'ar Kiyoto a Japan ya riga ya gano wani birkin na biyu, PD-1, tun 1992, magungunan toshe shi kuma suka fito a 2014. Su biyu suka raba kyautar Nobel ta 2018.

Kada wani ya ɗauka birkin nan aibi ne a halitta. A 1995 an samar da ɓerayen da aka cire musu CTLA-4 ɗungum tun daga ciki, sai ga shi ba su wuce mako uku zuwa huɗu ba suka mutu, mayaƙansu sun cinye musu zuciya da sauran kayan ciki. Kowane direban babbar mota da ya taɓa gangaro dutse da lodi ya san darajar birki. Ubangijin da Ya sa totur Shi Ya sa birki, kowanne da gwargwadonsa, likita kuwa sassauta shi kawai yake yi na ɗan lokaci, yana tsaye yana lura, domin waɗansu majinyata hanjinsu ko hantarsu na kumbura saboda wannan sassautawa.

Maƙwabtan Asibitin Ƙashi na Dala sun saba ganin masu ciwon gaɓoɓi. Akwai wani nau'insa wanda dakarun jiki ne da kansu ke cin gaɓa har yatsu su karkace. A farkon shekarun 1990, Marc Feldmann da Ravinder Maini a Landan suka nuna cewa in aka toshe wani ɗan aike mai suna TNF, wanda ke kai saƙon tashin yaƙi tsakanin ƙwayoyi, kumburin gaɓoɓin ɓera na sauka. Aka gwada a mutane ya yi aiki, kafin shekarar 2000 maganin ya shiga hannun likitoci. Sai dai an gano daga baya cewa ɗan aiken nan shi ne kuma ke tsare tarin fuka da ya kwanta ɓoye a huhun mutum, in an toshe shi sai tarin ya farka. A ƙasa irin tamu, inda tarin fuka bai ƙaura ba, wajibi ne a bincika huhu kafin a fara wannan allura.

To, yanzu mu koma kan hukunci. Maganar tsarki, a ganinmu, ita ce mafi sauƙi. Hukuncin da ke cikin Risala na abinci ne da mushen ɓera ya gurɓata: in daskararre ne a kwashe wurin da kewayensa, in narkakke ne a bar cinsa, amma har an yarda a kunna fitila da man a wajen masallaci. Watau ko a can malamai ba su hana amfani da abin gaba ɗaya ba. A mazhabar Imamu Malik kowane mai rai tsarkakakke ne, saifar da aka ciro daga mataccen ɓera kuwa mushe ce, ba musu. Amma abin da ke cikin kwalbar magani ya yi nisa da wannan saifa. Ƙwayoyi ne aka rena a tukwanen ƙarfe zuriya bayan zuriya, aka tace abin da suka fitar, kuma yawancin magungunan yau an sauya musu siffa zuwa irin ta ɗan Adam don kada jiki ya ƙi su. Malamai suna da babi a kan abin da ya rikiɗe daga asalinsa, su kan kawo misalin giyar da ta juye da kanta ta zama ruwan tsami, da almiski wanda asalinsa jini ne amma ya zama mafi daɗin turare. (Abin sha'awa, jakar almiskin nan da Larabci sunan ɓera gare ta.) A 1995 wani taron malamai da likitoci a Kuwait ya yi amfani da wannan ƙa'ida a kan waɗansu sinadaran magani. Allon gwajin zazzaɓi kuwa ba a cinsa, ba a shansa, ba ya shiga jiki. Mun karkata ga halacci, musamman ga wanda ciwon daji ya kama, fatawa dai ta malamai ce bayan sun zauna da likitoci sun ji yadda abin yake.

Haƙƙin ɓeran kansa ya fi wannan nauyi. Izinin kashe dabba mai ɓarna bai zama izinin azabtar da ita ba. Hadisi ya tabbata a kan matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, an hana mai da abu mai rai abin koyon harbi, an kuma umurce mu da kyautatawa ko a wajen yanka. Shehu Izzuddini ɗan Abdussalami, wanda ya rasu a Misira a 1262, ya jera haƙƙoƙin dabbobi a kan masu su cikin littafinsa na ƙa'idojin hukunci. Gwaji a kan dabba ba baƙon abu ne ga Musulmi ba: likitan Andalus Ibn Zuhr, wanda ya rasu a 1162, a wuyan akuya ya jarraba huda maƙogwaro, ya ga ta warke. A 1959 waɗansu Turawan Ingila biyu, Russell da Burch, suka shimfiɗa sharuɗɗan da ake bi a yau, cewa in akwai hanyar da ba ta bukatar dabba a bi ta, in babu a rage yawan dabbobin iyakar iyawa, a kuma sauƙaƙa musu wahala. Ba mu ga abin da ya saɓa wa shari'a a nan ba, sai ma ƙari ɗaya da Musulmi zai yi, shi ne sanin cewa za a tambaye shi. Ɗalibin jami'ar da ya bar ɓeraye a keji ranar hutu babu ruwa, ko ya yi gwaji na ganganci wanda ba zai haifar da ilmi ba don kawai ya cika takardar digiri, ya tuna da mai kyanwa.

Abu mafi girma shi ne tazarar da ke tsakanin ɓera da mutum, domin a nan ne rayukan 'ya'yanmu suke shiga. A 1987 masu bincike a Janiba ta ƙasar Suwizalan suka nuna cewa toshe TNF ɗin nan na hana zazzaɓin cizon sauro taɓa ƙwaƙwalwar ɓera. Aka yi murna, domin wannan nau'in zazzaɓi, mai sa yaro suma da shiɗewa, shi ne ke ɗauke yara a ƙasashenmu da damina. Aka ƙera antibodi mai tsatso ɗaya, aka kai Gambiya, aka gwada cikin tsari a kan yara 610, kimanin rabi aka ba su, sauran aka ba su abin da ba shi da magani a ciki, dukansu kuma suna karɓar maganin zazzaɓi na asali. Sakamakon ya fito a 1996: mutuwa ba ta ragu ba, kuma waɗanda suka rayu da larurar ƙwaƙwalwa sun fi yawa a cikin waɗanda aka ba maganin. Aka ajiye shi. Ɓera bai yi ƙarya ba, ya faɗi abin da ke jikin ɓera ne, kuma ƙwayar zazzaɓin da ake sa masa ba irin tamu ba ce. Har a gwajin Allison da ya yi nasara, sai a 2013 aka gane cewa makamin ba toshewa kaɗai yake yi a jikin ɓera ba, yana kuma kashe waɗansu ƙwayoyi masu kwantar da yaƙi a cikin ƙarin. Wanda ya rufe ƙofa ya kamata ya tabbata bai take mai gadi ba, in ba haka ba zai jingina wa ƙofar abin da ba aikinta ba ne.

Shekarar 1996 ɗin nan mutanen Kano ba su manta da ita ba. Ita ce shekarar annobar sanƙarau, sa'ad da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, biyar cikin waɗanda suka sha Trovan, shida cikin waɗanda aka ba wani maganin. Iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta, ya ce cutar ce ta kashe yaran, aka yi ta shari'a har aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Trovan ba ya cikin dangin magungunan da muke magana a kansu, amma raunin da ya bari ya shafi kowane magani. Yana daga cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje, yara da yawa suka shanye, ba a tabbatar da kawar da ita daga Afirka ba sai a 2020. A shekara ɗaya ke nan aka ga fuska uku ta al'amari guda: a Amurka ɓera ya nuna hanyar da ta ɓulle, a Gambiya ya nuna wadda ba ta ɓulle ba kuma aka faɗi gaskiya, a Kano kuwa aka bar iyaye da zargi.

Gwaje-gwajen ba su tsaya ba, kuma suna matsowa kusa da mu. A 2012 masana a Jami'ar Ayowa suka ba da rahoton cewa toshe birki biyu a lokaci ɗaya ya sa ɓeraye sun kawar da ƙwayar zazzaɓi da sauri, sun kuma ga alamar irin wannan gajiya ta mayaƙa a jinin yaran Mali. A Mali ɗin dai, a 2022, aka bayyana cewa ƙarin ruwa guda na wani antibodi mai tare ƙwayar zazzaɓi kafin ta isa hanta ya kare mafi yawan manyan da aka ba har tsawon wata shida na damina da kaka. Ba mamaki wata rana a zo da irin wannan takarda Gwammaja.

In ranar ta zo, unguwar da Malam Aminu Kano ya zauna ya koya wa talaka tambayar haƙƙinsa ba ta kamata ta rufe ƙofa ba, ba ta kuma kamata ta miƙa hannu ido rufe ba. Uba ya tambaya a kan wace dabba aka gwada, me aka gani, an gwada a kan manya kafin yara, wane kwamiti ne ya amince, wa zai ɗauki nauyin jinya in abu ya ɓaci. Tun 2007 Nijeriya ke da kundin ƙa'idojin binciken lafiya wanda ya wajabta neman yardar mutum bayan an yi masa bayani, ya kuma ba shi ikon janyewa duk sa'ad da ya so. Ma'aikacin gwamnati da fayil ɗin izini ya biyo ta teburinsa ya san sa hannunsa shaida ce. Ɗan kasuwar magani kuma ya lura, duk maganin da sunansa na asali ya ƙare da haruffan "mab" ɗan wannan gida ne, galibinsu sanyi suke so tsakanin digiri 2 zuwa 8, wanda ya yini a shago ba wuta ya sayar wa mai ciwon daji da ya jinginar da gida, ya ci dukiyar ɗan'uwansa da ɓarna. Takardar neman yarda kuwa, muna roƙon hukuma ta sa a rubuta ta da Hausa, da boko da ajami, a karanta wa uwa da uba a gaban mai unguwa ko limami, a bar musu kwafi su tafi da shi gida su kwana a kai kafin su dangwala yatsa.